Fuskar Gwaggo Hajo a Wayar Kowa

Direban da ya ɗauke mu a Segbana, can tsallaken boda, ya rantse har da dafa ƙirji cewa motarsa ba za ta tsaya ba sai Farako. A Kandi ya zubar da mu. Ya ce mu ɗan sauka zai canza taya, ya sauke kayanmu wai don ya ciro safaya, muna tsaye muna miƙe ƙafa sai muka ga ya karya kan mota ya koma inda ya fito. Har hannu ya ɗaga mana ta taga, ɗan rainin wayo. Na bi shi da gudu ina zagi da Hausa, da na ga ba ta wadatar ba na ƙara da ɗan Dandancin da nake ji, amma ina, ya yi nisa.

Sunana Luba, daga Bahindi ta ƙasar Bagudo. Zane a kwamfuta na koya, kuma shi ya fito da ni daga gida. Wani ɗan ƙaramin kamfani a Kwatano, masu ƙera wasan gem na waya, suka ga zane-zanen da nake sawa a shafina na intanet suka kira ni aiki. Gem suke son yi a kan wata jaruma mai tuƙa kwalekwale a kogin Kwara, tana tsallakar da mutane lokacin ambaliya, tana kauce wa dorina da 'yan fashi. Suka ce suna neman wanda ya san matan bakin kogi. Na ce ai kun samu, a hannun ɗayarsu na tashi.

Gwaggo Hajo nake nufi, yayar babana, wadda ta riƙe ni tun ina rarrafe bayan rasuwar mahaifiyata. Bandan kifi take kaiwa kasuwar Bagudo. Da mijinta ya rasu kowa ya zaci za ta sayar da kwalekwalensa, sai ta ɗaure ƙugu da gyale ta shiga ta kama filafili. Maza suka yi ta surutu har suka gaji, daga baya su ne masu roƙonta ta tsallakar musu da buhunan shinkafa daga fadama. Hotonta ne a fuskar wayata, kuma shi na zauna ina kallo a tashar Kandi, rana tana shirin faɗuwa, ban san kowa ba.

Wata tsohuwa mai sayar da kunu a gefena ta leƙo. Cikin Dandawan garin take, amma Hausarta irin tamu ce.

"Ɗiyata, kawo in gani," in ji ta.

Na miƙa mata. Ta matso da wayar kusa da ido, ta bi kumatun Gwaggo da ɗan yatsa, ta tsaya a kan billen da ke ƙarƙashin idon hagu, ta haura zuwa 'yan gajerun da ke gefen goshi.

"Wagga ai ɗiyar gidan Mai Taru ta, na Bahindi. Matar yayana irin tsagarta ke nan, Allah shi jiƙanta. Ke mi kike yi nan ke ɗai?"

Ban gaya mata sunan gari ba, ban gaya mata sunan gida ba. A wajenmu haka fuskar manya take. Dogayen tsagar kumatu suna faɗin ƙabila, amma kowane gida yana da ɗan abin da wanzaminsa ke ƙarawa, wanda ba ya yi wa kowa sai jininsu. Mu 'yan baya ba a yi mana ba, fuskata sumul take, amma tsofaffi har yau da wannan suke gane juna. Tsohuwar nan ta tattara robobinta ta ja ni gidanta, ta ba ni tuwon masara da tabarma. Da safe ta kai ni wurin wani direba, ta ce masa in ya ajiye ni a hanya kada ya ƙara shan kununta. Wannan bai ajiye ni ba.

Farako ban ga komai a cikinta ba sai tasha da yunwa. Nan Faransanci ya fara rufe ni ta ko'ina, ina nuna abinci da yatsa kamar kurma. Babbar mota ta ɗauke mu muka yi ta gangarawa kudu, itatuwa suna ƙara tsawo, iska tana ƙara nauyi, har muka shiga Kwatano jikina yana danƙo. 'Yan kabu-kabu masu rigar rawaya suka yanyame ni, wani ya fizge jakata ya ɗora a gabansa tun ban ce uffan ba, dole na hau. Na ce masa Zango, kalmar da na tabbata zai gane ke nan.

A Zango na sami ɗaki a gidan wata Hajiya Kulu, mutuniyar Kamba, wadda ta shekara ba adadi a can tana fataucin atamfa. Mace ce mai faɗa da kyauta a lokaci guda, za ta wanke ki tas a kan kin bar bokiti a tsakar gida, ki juya ki ga ta turo miki kwanon dambu. Ita ta rage mini kewa, amma ba ta kashe ta ba. Kifin teku na ci na ji kamar ina tauna soso. Nakan rufe ido in jiyo ƙamshin hayaƙin bandan Gwaggo, in buɗe in ga bangon ɗaki da fankar da ba ta juyawa.

Ofishin yana saman wani shagon taya. Mu kaɗan ne, kuma mata biyu kacal, ni da wata Senami, 'yar ƙasar, wadda ke haɗa wa gem ɗin ƙwaƙwalwarsa a kwamfuta. Mai kamfanin sunansa Kosi, matashi mai fara'a da daɗin baki, irin mutanen da ke kiran sunanki sau uku a magana ɗaya. Da Turanci muke magana, nasa a karye nawa a karye, muna gane juna.

Aikina na farko shi ne fuskar jarumar. Na zana, na zana, Kosi yana taɓe baki. Wannan ta yi kama da ta tallan man shafawa, waccan kowa yana da irinta. Wata rana wayata tana kan tebur ta kawo haske, ya ga hoton, ya ɗauka ba ko neman izini.

"Luba! Luba, ga abin da nake nema, kina ɓoye mini? Wace ce wannan?"

Na ce gwaggona ce, kuma fuskar mutum ba a ɗaukarta haka kawai, sai na tambaye ta. Ya ce in tambaya yanzu-yanzu. Na fita baranda na kira ta.

"Gwaggo, so suke a sa ki cikin wasan waya."

"Ni? To mi za ni yi cikin waya, ni da ko lamba ban iya dannawa?"

"Tuƙi za ki yi. Ruwa ya ci gari, ke kina tsallakar da mutane."

Ta yi dariyar nan tata mai kama da tari. "In dai tuƙi na, sa ni. Amma ki ɗaura man zanin kirki, Luba. Kada ki hidda ni gaban mutane da na banda mai warin hayaƙi."

Na yi mata alkawari. Na zana ta kamar yadda take kafin a haife ni, da ƙuruciyarta, amma ban taɓa tsagar ba, kowace a inda wanzami ya ajiye ta. Na ɗaura mata zani shuɗi da riga mai dogon hannu da take naɗewa zuwa gwiwar hannu, na ɗaure mata ƙugu da gyale. Na yi mata damatsa irin na mai aiki. Ranar da Senami ta sa ta ta motsa a karon farko, ta kafa ƙafa ta tura kwalekwale cikin ruwa, sai da na shiga banɗaki na share hawaye. Watannin nan su ne mafi daɗin zamana a Kwatano, ba zan ɓoye ba.

Ana cikin haka masu zuba jari suka shigo, wasu mutane a ƙasar waje da ban taɓa gani ba sai muryarsu a kwamfutar Kosi. A daidai lokacin zazzaɓi ya kwantar da ni, Hajiya Kulu tana ɗura mini magani tana faɗa wai ban iya rufe gidan sauro ba. Da na ji sauƙi na koma ofis, na tarar an taru a gaban babban allo ana shewa. Wani Rodrig, ɗaya mai zanen, yana zaune a kujerata.

Fuskar Gwaggo ce a allon. Billen yana nan, na gefen goshi suna nan. Daga wuya zuwa ƙasa kuwa wata halitta ce da ban taɓa gani ba ko a mafarki. An cire rigar, an bar wani ɗan ƙyalle da bai kai hankici ba. An kumbura ƙirji kamar an kifa ƙore biyu, an matse ƙugu, zanin ya koma ɗan tofi da jigida a sama. Damatsan nan an zuƙe su sun koma sili-sili. In ta sunkuya za ta tura kwalekwale, sai hoton ya zagayo ta bayanta ya tsaya. Rodrig ya nuna mini da alfahari cewa duk matakin da ɗan wasa ya ci, za a buɗe masa sabuwar shiga, kowace ta fi ta baya ƙanƙanta. Wato ladan ceton mutane daga ambaliya shi ne a ƙara tuɓe maka mai ceton.

Ban san lokacin da na finciko wayar wutar allon daga bango ba.

"Luba, Luba, kwantar da hankali," in ji Kosi. "Gem ne fa. Ba mutum ba ce."

"Mutum ce. Jiya na yi waya da ita."

"Masu kuɗin sun ce waccan ba za ta sayu ba. Samari ne ke buga gem, abin da suke so ke nan. Ba ni na halicce su haka ba."

"To ku goge tsagar. Ku yi wa 'yar tsanarku fuskar da kuka ga dama."

Ya buɗe ido kamar na ce ya ƙona ofis. Wai ai kwalliyar fuskar ita ce abin da ya fi burge masu kuɗin, ita ce ta nuna Afirka ce ta gaske. Na ce ba kwalliya ba ce, suna ne. Na ce masa akwai tsohuwa a Kandi da ta kalli wannan fuskar ta faɗi gari ta faɗi gida. Na ce duk wanda ya haura shekara arba'in a yankinmu, daga Kurgu zuwa Zagga, kallo ɗaya zai yi ya san matar gidan wa aka tuɓe. Na yi faɗa, na dawo na yi roƙo, har durƙusawa na yi, abin da ban taɓa yi wa wani ba sai iyayena. Ya ɗaga ni yana murmushi, ya ce duk abin da aka zana a ofishin nan na kamfani ne, kuma bidiyon talla ya riga ya fita tun shekaranjiya.

Senami ce ta ja hannuna muka sauka. Ta kai ni wurin wata mai soya doya a bakin titi, ta zaunar da ni, ta ciro wayarta ta riƙa nuna mini gem bayan gem. Jarumi namiji an lulluɓe shi da sulke har idon sawu. Jaruma mace, ita ma yaƙin za ta, amma an bar mata cibiya da cinya a waje, sai ka ce kibiya tana jin kunyar wuraren nan. Wata an sace ta tana jiran a zo a cece ta, wata ita ce kyautar da ake ba wanda ya ci.

"Tun kafin ki zo nake faɗa a kan wannan," in ji ta. "Sunana a ofis mai ƙorafi. Na san za ki yi rubutu, na gani a idonki. In za ki yi, kada ki yi da sunanki. Ba ki san mutanen nan ba."

Ban ji maganarta ba. Ni a ganina wanda ya yi abin kunya shi ya kamata ya ɓoye suna, ba wanda ya ce a daina ba. Na rubuta a shafina, da Turanci da Hausa. Ban zagi kowa ba, ban ambaci Gwaggo ba. Na ce ni na zana matar nan da tufafinta, aka tuɓe ta a bayan idona. Na tambaya me ya sa mace ba za ta zama jaruma a gem ba sai an fara cire mata riga. Na ce tsagar da ke fuskarta ta mutane ce masu rai, a taimaka a sa baki kamfanin ya cire.

Da farko 'yan mata kaɗan suka ce Allah ya saka mini. Daga nan aka yi mini ca. Mutane daga ƙasashen da ban san inda suke a taswira ba, waɗanda ba su taɓa jin sunan Kebbi ba, suka taso kamar na taka musu uwa. In ba ki so kada ki buga. Ga wata 'yar feminis ta zo ɓata mana wasa. Hassada take yi don 'yar zanen ta fi ta kyau. Ni ko ma'anar feminis ɗin sai da Senami ta warware mini, na ce in dai cewa kada a tuɓe gwaggona shi ne, to a rubuta mini a goshi. Wasu suka riƙa turo hotunan da ba zan iya faɗa ba. Wani ya rubuta cewa ya san a Zango nake, ya faɗi launin ƙofar gidan Hajiya Kulu. In na toshe ɗaya, goma su fito. A kan me? A kan na ce a mayar wa zane riga.

Waɗancan baƙi ne, na ce a raina, ba su san darajar kowa ba. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne da namu suka shigo. Wani mai tarin mabiya a shafukan Hausa ya ɗauki bidiyon tallan ya sa a shafinsa, wai don ya yi wa'azi, ya rubuta cewa ga abin da ake samu in an bar 'ya mace ta tsallaka boda neman aiki. Mabiyansa suka sauko mini da Allah wadai. Kowannensu ya kalli bidiyon har ƙarshe kafin ya yi tir, wasu ma na tabbata sun maimaita. A cikinsu duka babu wanda ya tambayi wa ya cire rigar. Sunan Rodrig bai fito ba, na Kosi bai fito ba. Masu son tsiraici da masu wa'azi a kan tsiraici, waɗanda ba su taɓa haɗuwa a kan komai ba, suka haɗu a kaina.

Duk wannan da na shanye. Amma wani, ban san ko na wane ɓangare ba ne, ya bi shafina baya-baya har ya tono hoton da na ɗauki Gwaggo ranar wata Sallah, tana zaune a ƙofar ɗakinta tana dariya. Ya jera shi gefe da gefe da 'yar gem ɗin tana sunkuye. Ya zagaye tsagar da jan layi a nan da can, ya rubuta a ƙasa wai ga tsohuwar a lokacin da take tashe. Na goge shafin gaba ɗaya, amma hoton ya riga ya shiga guruf-guruf na waya, inda babu mai iya kamo shi.

Kosi ya kira ni ofis ya ce na ɓata sunan kamfani, in tattara nawa ya nawa. Yana faɗa yana satar kallon kwamfutarsa, inda masu jiran fitowar gem ɗin ke ta ƙaruwa saboda rigimar. Ko ɓoye murnarsa bai iya ba. Na ce masa Allah ya isa, da Hausa, ban fassara ba, kuma na ga alamar ya gane.

Na koma na kulle kaina a ɗaki. Wasu samari biyu suka zo ƙofar gida suna tambayar mai zanen nan 'yar Najeriya. Ina jiyo Hajiya Kulu ta fito da muciya a hannu, ta ce gidanta babu mai zane sai mai duka, in suna so su shigo. Ba su ƙara dawowa ba. Ta shigo ta same ni, ba ta yi faɗa ba ran nan, ta zauna a bakin katifa ta ce, "Ɗiyata, kin yi daidai. Amma tashi ki ci abinci."

Bayan gem ɗin ya fita Senami ta zo har Zango ta same ni. Ta ce kafin a sake shi ta shiga ta goge tsagar da hannunta, ba ta gaya wa kowa ba. Ta nuna mini, fuskar ta zama sumul, ba ta kowa ba. Na tambaye ta me Kosi ya ce.

"Bai lura ba," in ji ta. "Masu kuɗin ma ba su lura ba. Babu wanda ke kallon fuskar."

Na gode mata, na rungume ta, don ta sa aikinta a haɗari saboda matar da ba ta taɓa gani ba. Amma maganar nan ba ta bar ni ba har yau. Abin da na durƙusa a kansa, abin da aka ce kamfani zai rushe in an taɓa, ashe ko kallonsa ba sa yi. Aikin da bai kai a sha ruwa ba. Da sun yi shi ranar da na roƙa suka canza bidiyon tallan, da babu abin da ya same su, kuma da babu abin da ya sami Gwaggo.

Yaya Sani, babban ɗan Gwaggo, shi ya kira ni. Bai yi gaisuwa mai tsawo ba.

"Luba, ki dawo gida. Abin ga ya kawo nan. Har shagon cajin waya na bakin kasuwa ana nuna shi."

"Gwaggo ta gani?"

"An kai mata har gida. Wata tac ce wai jaje ta zo yi."

Na ce ya ba ta wayar. Na ji numfashinta, na ce Gwaggo, ta ce, "Lahiya lau, ɗiyata, ki taho sannu," ta mayar masa.

Hanyar dawowa ban riƙe komai nata ba sai guntun ƙarshe. Mun tsallako boda ta Tsamiya, na shiga motar Bagudo, wasu samari biyu a kujerar gabana sun haɗa kai a kan waya ɗaya suna ƙyaƙyata. Ban buƙaci leƙawa ba, na ji kiɗan bidiyon, ni na san lokacin da aka zaɓe shi.

"Wallahi ita ta," in ji ɗayan. "Mai kihin nan ta layin banda. Ashe tsohuwa an sha duniya."

Na dafa kafaɗarsa. Na ce, "Malam, da uwarka ce haka za ka yi dariya?"

Wani dattijo a gefe ya ce a kashe abin nan, a ji tsoron Allah. Saurayin ya kashe yana gunaguni, can ya juyo ya ce, "To mu munka zana ta?" Ina da amsa, mai tsawo ma, tun daga Rodrig har masu kuɗin da ban taɓa gani ba, amma wa zai saurare ta a cikin motar haya? Na juya ina kallon gonakin shinkafa har muka shiga gari.

Ranar kasuwa ce, don haka na tsaya a Bagudo ban ƙarasa Bahindi ba, na san inda zan same ta. Na ratsa 'yan tumatir da jakata a kafaɗa na shiga layin banda. Tun ina ƙarama daga bakin layin nake hango ta, don ita ba ta zama shiru, ko tana ciniki ko tana tsokanar mahauta. Na bi layin har ƙarshe ban gan ta ba. Na juyo na sake bi a hankali, ina duba fuska ɗaya-ɗaya. Na ce a raina shi ke nan, sun hana ta kasuwa.

"Luba."

Na waiwaya. Wata mata ce a zaune a bayan tiren kifi, wadda na wuce sau biyu. Ta ja mayafi ta rufe goshi, ta naɗo shi ta rufe kumatu da hanci, ido kawai ta bari, a cikin wannan rana da ke narka mutum. Hannuwan na gane.

Na zube a gabanta. Na kai hannu zan janye mayafin, ta riƙe mini wuyan hannu, riƙon da ban iya ƙwacewa.

"Bar shi," in ji ta. "Huskar ga ba tawa ta ni ɗai ba. Sai mun kai gida."

Ta matsa mini a kan tabarma na zauna. Wani ya zo ya taya kifi, ta sallama masa ba ta ja ba, ita da ake jin cinikinta daga layin mahauta. Na saya mata ruwan leda don na ga mayafin ya jiƙe da gumi. Ta karɓa, ta juya wa kasuwa baya, ta fuskanci bango, sannan ta ɗaga mayafin ta sha.